Sandar da Babu Tuta

Brekke, Skardal
12 ga Agusta, 1984

Yaya Gunvor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti. Ni ma lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san alƙalami bai taɓa zama daidai a hannuna ba. Adireshinki a bayan katin ta'aziyyar da kika aiko na same shi. Na so in buga miki waya, amma a waya da zarar na yi shiru ina laluben kalma sai mutum ya ce, "Kana nan?" Takarda kuwa tana jira.

An gama yankan ciyawa, ta bushe, na kwashe ta. Tumaki suna kan dutse, ranar Lahadin da ta wuce na kai musu gishiri na ƙirga su, ba a rasa ko ɗaya ba. Baƙi bana sun fi na bara yawa. Motocinsu masu gado a ciki sun cika filin bakin kogi, Jamusawa da 'yan Holan da mutanen Oslo. Kowa hanyarsa ɗaya: gadar igiya, daga nan matsirga, inda kogi yake faɗowa daga kan dutse, su tsaya feshin ruwan ya jiƙa su suna ihu, daga nan sai ƙolin Ramnenut. A watan jiya wani ya tsaya a shingenmu, ya yi ta nuna mini da hannu in ɗaga lauje ya ɗauki hoto. Na riga na gama yankan wurin, don haka na yanka masa iska sau uku. Ya yi godiya ƙwarai.

Aikin hanyar da Baba yake yi ya dawo kaina. Ni nake shafa jan fenti a duwatsu don kada baƙi su ɓace, ni nake kula da littafin nan na cikin akwatin gwangwani a ƙoli, wanda duk wanda ya hau yake sa sunansa. Ranar Alhamis na hau da sabo, don tsohon ya cika. Kin san halina, ba na saukowa sai na karanta. Yawanci abu ɗaya suke rubutawa, kowa da yarensa, wai wurin ya yi kyau. Yara suna zana rana tana dariya.

A shafi na uku daga ƙarshe na ga wannan: "21 ga Yuli. Ƙarfe sha ɗaya. Iska daga yamma, sama garau. G."

Yaya, duk duniya babu mai rubuta iska kafin sunansa sai 'ya'yan Baba. Kuma na san wannan G ɗin mai jela kamar ƙugiyar kifi, shi ne a jikin tsohon akwatin abincinki na makaranta, wanda nake zuba ƙusoshi a ciki yanzu.

Daga ƙoli zuwa ƙofarmu awa ɗaya da kwata ne idan an biyo ta bayan bukkar kiwo. Ke a minti hamsin kike yin ta, ki zauna a kan matakala kina jirana kina cewa ko na tsaya gaisawa da kowace tunkiya ne. Ba faɗa nake yi ba. Ban yi miki faɗa ba da ba ki zo jana'iza ba, ba kuwa yanzu zan fara ba. Tambaya kawai nake yi. Kin zo har inda kina ganin rufin gida, me ya hana ki saukowa?

Tun ranar da aka binne Baba babu wanda ya taka gidan nan. Kofuna goma sha biyun da aka sha gahawa da su ranar na wanke na jera a kanta. Ɗaya ne kawai yake sauka.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Eilev

*

Bergen
18 ga Agusta, 1984

Zuwa ga Eilev,

Bayan gaisuwa, na sami wasiƙarka, na kuma ji daɗin jin kana lafiya da tumaki duka. Rubutunka babu laifi, ka daina ba da haƙuri a kansa.

Gaskiya ne na hau Ramnenut ranar da ka ce. Abokan aikina ne suka shirya yawon hutun ƙarshen mako, suka ga Skardal a wata takardar talla, gadar igiya da matsirga da sauransu, suka matsa sai na raka su tunda ni 'yar can ce. Ba ni na zaɓi wurin ba. Mun hau a gurguje, mun sauko a gurguje don kada bas ya tafi ya bar mu. Da na taho gida da sai in ja mutum huɗu a bayana, kai kuma na san ba ka son a faɗo maka babu shiri. Shi ke nan abin da ya faru, kada ka ɗora masa wata ma'ana.

Ka riƙa cin abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana, ba burodi da cuku kawai ba. Ka sa a duba bututun murhu kafin sanyi ya shigo. Idan akwai wata takardar gona da ake buƙatar in sa hannu, ka aiko, zan sa in mayar maka a ranar.

Ka gaishe da Goggo Borghild.

Yayarka,
Gunvor

*

Brekke
23 ga Agusta, 1984

Yaya Gunvor,

Ina gaishe ki, ina kuma godiya da amsa. Bututun murhu na duba shi da kaina, gidan tsuntsu na samu a ciki. Babu takardar da ake buƙata.

Tsohon littafin yana nan a kan teburin kicin, don haka na sake buɗe shi. Sama da sunanki iyalin 'yan Holan ne, su biyar, har karensu sun sa wa suna. Ƙasa da sunanki wani malamin makaranta ne daga Trondheim da matarsa, ƙarfe biyu da rabi. Ga abin da ya rubuta: "Mun tarar da wata baiwar Allah zaune ita kaɗai tana kallon kwari da madubin hangen nesa. Ta ba mu lemo." Abokan aikin naki huɗu ko dai ba su iya rubutu ba, ko kuwa sun fi tumakinmu iya ɓuya. Bas ɗin Asabar kuma ba ya tashi sai biyar da rabi.

Ban faɗa don in kama ki ba. Na daɗe ina juya ko in bar shi kawai. Amma idan na bari, kin ga sai mu ci gaba da maganar murhu har mu tsufa.

Gaisuwarki ga Goggo Borghild ban isar ba, don ba ma haɗuwa. Daga tagar kicin ina hango ta can ƙasa tana shanya. Sai ta gama, ta riƙe ƙugu, ta ɗago kai ta dubi gidanmu na ɗan lokaci, sannan ta ɗauki kwandonta ta shige. Kusan kullum haka. Maƙwabcinmu Sjur idan ya wuce a tarakta yakan ɗaga yatsa biyu daga kan sitiyari, ba ya rage gudu. A kanti matarsa Halldis takan ce, "Ana ta fama, Eilev?" in ce, "Ana ta fama." Ta naɗe mini gahawa, ta dube ni kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce ana sa ran ruwa ranar Juma'a. Mutanen nan fa tare da Baba suka yi shekara hamsin suna tattaro tumaki. Na rasa abin da na yi musu. Na zauna na bi ranar jana'izar daki-daki, ko na tsallake wani ban gaishe shi ba, ko gahawar ce ta yi ruwa. Ban gano ba.

Mutum ɗaya ce ta shigo kicin ɗin nan duk bazarar nan, ita ma makon jiya, wata tsohuwa Bajamushiya da ta ɓata hanyar matsirga ta zo neman ruwan sha. Na ajiye mata kujera, na yanka mata cuku. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta nuna hoton Inna da Baba na bango, na gyaɗa kai. Ta nuna hotonki na ranar gama makaranta, na nuna mata yamma, bayan duwatsu. Mun yi kusan awa ɗaya a haka. Da ta tafi sai na ga ashe na sauko da kofi na biyu, na bar shi a kan tebur har kwana uku.

Baƙin sun fara raguwa. Da safe ciyawa takan yi fari a bakin kogi.

Awa uku da rabi kika yi a zaune a can sama, Yaya. Me kika gani?

Ƙaninki,
Eilev

*

Bergen
29 ga Agusta

Eilev,

Gaisuwa. Tun kana ƙarami haka kake, ba ka ɗaga murya, sai dai ka tsaya kana kallon mutum har ƙaryarsa ta gaji ta zauna. To, ni kaɗai na zo. Na sauka a filin bakin kogi cikin baƙi, sabon direban bai san ni ba. Cikin jakata akwai lemo da rigar sanyin da na saƙa maka. Na ce bari in fara hawa sama in ga gidan tukuna, in ƙafata ta yarda sai in sauko.

Ka tambayi abin da na gani. Na gan ka. Kana shanya ciyawa a kan wayoyi, sanye da shuɗiyar rigar Baba, hayaƙi yana fita daga bututu. Na kuma ga sandar tuta a tsakar gida tsirara, babu ko ƙyalle.

Kada ka ce ba ka san abin da nake nufi ba. A Skardal aka haife ka. Siririyar tutar nan idan tana sama, akwai mutane a gida, a shigo, gahawa tana kan wuta. Idan babu ita, babu kowa. Idan kuwa ga mutum a tsakar gidansa ga sanda tsirara, ko yaron goye ya san abin da aka ce masa.

Shekara shida ke nan. Ranar da na ce wa Baba ba zan karɓi gona ba, ko da ni ce babba, zan tafi koyon aikin jinya, bai ce mini uffan ba. Ina tsaye a bakin titi wurin da ake ajiye garwar madara, ina jiran bas, na waiwaya. Ya fito, ya taka a hankali har gindin sanda, ya sauke tutar, ya naɗe ta, ya shige gida ya rufe ƙofa. Kai kana ɗakin tumaki, ba ka gani ba. Abin da na tafi da shi ke nan. Shi ya sa ranar jana'iza na kai har tasha da tikiti a hannu, bas ya cika ya tashi ina kallonsa.

Na zauna awa uku da rabi ina cewa wataƙila wanke ta ya yi, yanzu zai ɗaga. Ka wuce ta gindin sandar nan sau bakwai, na ƙirga. Ko ɗaga kai ba ka yi ba.

Idan gadon Baba ka ɗauka har da wannan, ka faɗa mini da baki, ni ba zan sake karanta sanda ba. Na rubuta wa Goggo Borghild ma na tambaye ta halin da kake ciki, tunda kai ba ka iya isar da gaisuwa.

Gunvor

*

Brekke
2 ga Satumba, 1984

Yaya Gunvor,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, sannan na taka har tsakar gida na ɗaga kai na dubi sandar. Na daɗe a wurin.

Yaya, igiya ce ta tsinke.

Ranar jana'iza na ɗaga babbar tuta rabin sanda, da aka dawo daga coci na kai ta ƙolin sanda kamar yadda ake yi. Da yamma, bayan kowa ya watse, na zo sauke ta, sai igiyar ta katse a hannuna. Hunturu ya riga ya cinye ta. Guntun ya zare daga zoben ƙarfen can sama ya faɗo mini a ka. Kin san sandar nan, ba ta hawuwa, sai an kwance ƙusoshin gindi an kwantar da ita, kuma aikin mutum huɗu ne. Na ce bari in jira wani ya leƙo sai in ambata masa a cikin hira. Babu wanda ya leƙo. Da aka yi wata ɗaya sai na ga ba zan iya zuwa ƙofar mutumin da bai taka tawa ba in ce ya zo ya yi mini aiki. Daga baya na daina tunawa da ita. Wanda yake zaune a gindin abu ba ya ɗaga kai ya dube shi, na nesa ne suke gani. Sabuwar igiya tana nan rataye a bayan ƙofa tun watan Mayu.

Yanzu maganar Baba. Gaskiya ne ban ga ya sauke ba. Amma na ga ya ɗaga. Washegari da sassafe na fito zuwa wurin tumaki na same shi a gindin sanda, babu ko hula, yana jan igiya. Da ya gan ni sai ya ce, "Me kake kallo? Tumakin sun ci?" Daga ranar ba ta sake sauka ba sai in za a sa babbar tuta ko a canja ta da sabuwa. Duk ranar Asabar, kafin bas ɗin safe ya iso, yakan fita ya duba ko ta naɗe a jikin sanda, ya girgiza igiya har ta warware. Bai taɓa cewa don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Da ciwon ya tsananta a watan Maris, za mu tafi asibiti, na san za mu yi kwanaki gidan babu kowa. Na je zan sauke ta kamar yadda kowa yake yi. Yana cikin motar Sjur a lulluɓe da bargo, ya buga gilashi da zobensa. Na zo, ya ce, "Bar ta." Na ce, "Baba, ai babu kowa a gida." Ya ce, "Wani zai iya wucewa. Ka bar mabuɗi a inda yake."

Kwana goma sha tara tana sama a kan gidan da babu kowa. Bai ambaci sunanki ba, kada in yi masa ƙarya yana kabari. Abin da na gani ke nan na faɗa miki.

Ban san yadda ake rubuta sauran ba. Rigar da kika saƙa, wane launi ce?

Ƙaninki,
Eilev

*

Skardal
Ranar Lahadi bayan coci

Gunvor 'yar nan,

Ina gaishe ki. Shekara shida babu ko kati, sai yanzu kika tuna ina da rai. To, ina nan, gwiwa ce dai ta ƙi ni.

Kin tambayi ƙaninki. Me zan ce miki? Yana nan, yana aiki kamar doki, ya rame. Amma ba ya son mutane, kuma ba mu ga laifinsa ba, kowa da yadda yake ɗaukar rashi. Tun ranar da aka binne ubanku ya sauke tuta bai sake ɗagawa ba. Ko ranar bikin ƙasa, da kowane gida a kwarin nan ya yi ja da tutoci, sandar Brekke tana tsaye kamar ƙashin kifi.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Sau uku ina toya waina, in naɗe a tawul, in ja gwiwar nan har kwanar da ake hango tsakar gidanku. In ɗaga kai, babu. In juyo. Ni na cinye su duka, siket ɗina na coci ya daina rufuwa saboda ƙaninki. Kullum in na gama shanya sai na duba.

Lokacin yankan ciyawa maƙwabcinmu Ottar ya ce mu je mu taya shi, mutum ɗaya da wayoyi goma sha huɗu ai zalunci ne. Sjur ya ce a bar yaro, ya ce ba ya son kowa. Na ce, "Yaushe ya ce? Da bakinsa?" Ya ce, "Borghild, ke makauniya ce? Ga shi can a rubuce a sama." Halldis takan ce in ya shigo kanti kamar ta rungume shi, amma ba a yi wa mutum kutse a baƙin cikinsa. Mu ba mutanen Oslo ba ne.

Ke ce jininsa. Ki rubuta masa ki ce ya isa haka, wata biyar ai an yi makoki. Ran da ya ɗaga tutar nan, ko da rarrafe sai na hau tudun.

Ki ci abinci. Na ji 'yan birni ba sa ci.

Borghild

*

Bergen
7 ga Satumba

Eilev,

Gaisuwa. Wasiƙarka da ta Goggo Borghild rana ɗaya suka iso. Ga tata nan na haɗo maka. Ka zauna kafin ka karanta. In ka gama, ka sa takalmi ka gangara gidan Sjur ka buɗe bakin nan naka. Wata biyar, Eilev! Saboda igiya!

Na yi dariya a ɗakin hutun ma'aikata har wata ta tambaye ni ko lafiya, daga nan kuma abin ya juye, sai da na fita waje.

Maganar Baba na karanta ta sau huɗu. Ban san inda zan ajiye ta ba tukuna. Kwana goma sha tara ɗin nan ina nan, awa biyar a bas. Kada ka tambaye ni yaushe zan zo, ban sani ba ko zan iya shiga kicin ɗin nan.

Rigar toka-toka ce. Ina jin ta yi maka yawa yanzu.

Yayarka,
Gunvor

*

Brekke
16 ga Satumba, 1984

Yaya Gunvor,

Gaisuwa mai yawa. Na bi umarni.

Ranar Talata na gangara. Na sami Sjur a ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani. Muka yi maganar ruwan sama. Muka yi maganar ranar da za a tattaro tumaki. Muka yi maganar baƙon da ya faɗa kogi da kyamararsa. Rabin awa ina tsaye, hulata ta sha murza. Sannan na ce, "Igiyata ta tsinke."

Ya ce, "Wace igiya?"

Na ce, "Ta tuta."

Ƙarar spana ta tsaya. Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Afrilu."

Ya turo kansa waje a hankali, fuska duk baƙin mai, ya dube ni kamar ya ga tunkiya mai kai biyu. Sai ya kwaɗa kira, "Halldis! Fito ki ji! Igiya ce!" Ta fito da cokali a hannu ta ce, "Wace igiya?" Ya ce, "Ta tutar Brekke! Ba baƙin ciki ba ne, wauta ce!" Ta ce, "Wautar wa? Wa ya ce a bar yaro? Wa ya ce a rubuce yake a sama?" Ya ce shi dai abin da ya gani ya karanta. Ta ce, "To, malam mai karatu, tashi ka wanke fuska." Sannan ta buga mini cokalin a kafaɗa, da zafi kuwa, ta ce, "Kai kuma bakin naka na cin burodi ne kawai?"

Jiya Asabar suka hau. Sjur da Ottar da surukinsa, da Halldis da tukunyar miya, da Goggo Borghild a bayan tarakta a kan buhu, rungume da waina, tana zagin kowane rami na hanya. Kwantar da sandar bai kai minti ashirin ba. Ottar ya ce tun da yake bai taɓa ganin makokin da aka warkar da spana ba. Sjur ya zura igiyar a zobe ya miƙo mini bakinta, ya ce, "Riƙe da kyau. In ta sake tsinkewa ka aiko mana da wasiƙa ta Bergen, tunda ta can labarinka yake biyowa." Wajen tayarwa suka yi ta gardama, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, Goggo tana ba da umarni daga kan matakala da baki cike. Sun ce ta miƙe sak.

Tutar da na ɗaga sabuwa ce. A aljihun tebur na same ta cikin takardarta, Baba ya saya tun Fabrairu ya ajiye wa bazara. Da ta kai sama iska ta buɗe ta, sai surutun ya mutu. Sjur ya cire hula, ya yi kamar kansa yake sosawa.

Kofuna shida suka sauka. An tattauna ranar tumaki, an sa ni a ɓangaren Ramnenut tare da Ottar. Da suka tafi na wanke na jera, gidan ya yi shiru fiye da da, amma wani irin shiru ne daban, irin na bayan an tashi daga ci.

Kin ce kada in tambaya, ba zan tambaya ba. Labari kawai zan ba ki. Filin bakin kogi ya zama wayam, mota ɗaya ta rage. Ganyen bishiyoyi ya yi rawaya har rabin dutse, ƙolin kuma ya yi fari sau ɗaya ya narke. Bas ɗin Asabar na baƙi zai yi zuwansa na ƙarshe ranar 29 ga wata. Bayan nan da mako ɗaya zan hau in sauko da littafi kafin dusar ƙanƙara ta rufe akwatin.

Idan kicin ne ba ki iya shiga, akwai matakala. Zan fito miki da gahawar waje.

Mabuɗi yana inda yake.

Ƙaninki,
Eilev

*

Daga littafin ƙolin Ramnenut, shafi na ƙarshe da aka rubuta

29 ga Satumba. Ƙarfe sha biyu saura. Iska daga arewa, da sanyi.

Eilev, ran da za ka karanta wannan ka riga ka san ko ƙafata ta kai ni ƙofa ko ta tsaya a bukkar kiwo. Ni a yanzu ban sani ba.

Na gan ta. Na gan ka kuma, ka fito sau biyu kana girgiza igiya, alhali ba ta naɗe ba.

Sandar ta karkace hagu. Maza huɗu, ku rasa mai ido ɗaya. Bari in sauko in nuna maka.

G.